Kunnen Mujallarmu

Zuwa ga abokina Sama'ila,

Assalamu alaikum. Na san inda kake babu rezon waya, babu mai kai maka takarda, ba kuwa za ka karanta wannan ba. Amma hannuna ya saba, duk abin da na rubuta kai nake fara tura wa.

Gida lafiya. Rakiya tana takaba, yara sun koma karatu a lekol. Ƙanenka ya buɗe shagonka na tayoyi, sai dai direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, har yanzu kai suke tambaya. Ni ma ban gama yarda ba. Mutumin da muka sha shayi tare a bakin gada da hantsi, a ce kafin la'asar an yi masa sutura? Ko ciwon kai ba ka ce kana yi ba.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Na yi maka marsiya na sa a mujallarmu ta intanet, karo na farko da waƙata ta fita ba ta bi ta hannunka ba. Kafin azahar wani dattijo daga Bengu ya rubuto, cikin ladabi, cewa karin ya karye a baiti huɗu. Na ce hassada ce. Shekara shida muna buga waƙoƙi masu ma'auni, kai kana aunawa kana ɗorawa, ni ina ba marubuta amsa. Wa ya taɓa kama ni da karyayyen ɗango?

Shekaranjiya Rakiya ta aiko mini da ordinatarka, kwamfutar da kake aikin mujallar da ita, don in ci gaba da aikin. A ciki na tarar da dosiye mai sunana, inda ka tara waƙoƙina. Kowace waƙa tawa biyu ce, wadda na turo da wadda ka buga. Na jera su ina kwatantawa. Nan ka cire gaɓa, can ka musanya kalma, wani wurin ka juya ɗangon gaba ɗaya. Ko guda ba ta fita yadda na rubuta ta ba. Har waƙar ambaliyar da ta cinye shinkafa, wadda ta sa ake nuna ni a kasuwar Gaya.

Ka san abin da ya hana ni ganewa? Ban taɓa sake karanta waƙata ba bayan ta fita. Yabon da ke ƙarƙashinta nake karantawa. Ka san halina, shi ya sa ba ka ji tsoron in kama ka ba.

Akwai abin da na ɓoye maka. Bara na so mu raba gari. Na gaya wa matata ni ne mawaƙin, kai mai lanƙwasa yatsu ne kawai wajen ƙirga gaɓoɓi. Ashe da bazarka nake rawa.

Haushinka nake ji, Sama'ila. Me ya hana ka zaunar da ni ka koya mini? Nauyina ka ji, ko ka san girman kaina ba zai ɗauka ba? Ka tafi ka bar kurma yana shugabantar masu kunne.

Yanzu waƙoƙi goma sha ɗaya suna jiran fitowar Juma'a. Cikinsu akwai ta wata malamar lekol daga Yelu, waƙarta ta farko. Ta roƙi in auna mata, wai daga waƙoƙina ta koyi kari. Na rera, na buga tebur yadda kake yi har yatsana ya yi zafi. Wallahi ban sani ba ko daidai take.

Na yi tunanin in ce mata ta yi kyau, wa zai sani? Na yi tunanin rufe mujallar in fake da baƙin ciki. Yau da safe na rubuta mata cewa ba a wurina ta koya ba, a wurinka ne. Na haɗa mata da waƙar shinkafar, tawa da taka, ta gani da idonta. Na ga alamar ta buɗe saƙon. Har yanzu ba ta amsa ba.

Sai na zo. Allah Ya jiƙanka, Ya rufa maka asiri fiye da yadda ka rufa mini.

Naka,
Abdu, wanda ake ce wa mawaƙi.