Ɗakin da ke Bayan Tanki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Yaya ciwon kan da kika ce yana damunki? Mu nan lafiya lau. Iya tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kin fara cin abinci, ko har yanzu shayi kike sha ki ce kin ƙoshi.

Yaya, idan kika dawo ba za ki gane falonmu ba. An kwashe kujerun Umma, Allah ya jiƙanta, an kai su gareji. Abba ya kawo tankin kifin nan da yake ta magana a kai tun da ya ajiye aiki. Na zaci ɗan ƙarami ne irin na wurin likitan haƙori. Tsawonsa mita uku, kaurin gilashinsa ya kai yatsuna biyu, sai da aka cire ƙofa kafin mutum goma su shigo da shi. Yana cin ruwa lita dubu biyu da ɗari huɗu. Ruwan teku za a haɗa a ciki, a sa murjani mai rai.

Akwai mutumin da yake haɗa komai, muna kiransa Mai Kifi. Shi ya kawo injin tace ruwa, da bokitan wani gishiri na musamman, da duwatsu masu ramuka jiƙe a cikin jarida. Da Iya ta ga ana auna gishiri da na'ura, sai ta ce shekara ashirin da uku tana zuba gishiri a gidan nan da hannu, ba wanda ya taɓa kwana a asibiti. Mai Kifi ya yi dariya. Abba bai yi ba. Ya ce, "Tsohuwa, wannan ba tukunya ba ce." Ta juya ta koma kicin. Na ji nauyin abin, don a gaban baƙo ne, kuma ita ce mai renon da ta goya mu ni da ke.

Ranar da aka kunna injin, Mai Kifi ya ƙwanƙwasa bangon da tankin ya jingina da shi, ya tambayi abin da ke bayansa. Na ce ɗakin Iya ne. Ya ce kash, da nan ya dace a huda a kai matatar ruwa, a kuma ajiye ƙaramin tanki na jinyar kifi, a huta da ƙara a falo. Abba ya daɗe yana kallon bangon.

Ga abin farin ciki. Abba ya ba ni aikin gwada ruwa kullum bayan makaranta, saboda sakamakona na kimiyya. Ina ɗiga magani a 'yar kwalba, in haɗa launin da kati, in rubuta a littafi. Ya duba ya ce rubutuna yana da tsabta. Kin san Abba, kin san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na je banɗaki na yi ta murmushi ni kaɗai.

Sabon ruwa ba ya karɓar kifi masu daraja sai ya nuna, wajen mako shida. Don haka aka fara jefa wasu ƙananan kifaye shuɗaye guda uku. Mai Kifi ya ce su ne masu buɗe ruwa, dafin farko a kansu yake ƙarewa. Biyu sun mutu a mako na biyu. Ɗaya ya ƙi mutuwa. Ina kiransa Ɗan Shuɗi. Idan na sa yatsa a gilashi sai ya taso kamar zai yi faɗa da ni. Iya ta ce taurin kanki ne da shi.

Ki gaishe da ƙawayenki. Allah ya ba da sa'a.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu wasiƙarki, na karanta wa Iya sau biyu, ta sa na maimaita wurin da kika ce kina kewar faɗanta. Ina fata sanyin can bai sa miki mura ba.

Murjani ya iso. Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Wani kamar reshen bishiya, wani kamar ƙwaƙwalwa, wani kamar ciyawa kore yana kaɗawa. Ashe dabbobi ne, suna buɗewa idan an kunna fitila. An sa katantanwa masu cin gansakuka da jatan lande ja guda huɗu. Ranar Asabar abokan Abba suka cika falo, ya tsaya yana faɗa musu sunan kowanne, da sanda a hannu kamar malami. Ɗaya ya tambaya wace ce ni, Abba ya ce mai gwada ruwa ce.

Dokoki sun yi yawa. Ba fesa maganin sauro, ba turare, ba shafa mai a taɓa ruwa. Iya ce ke goge gilashi da bakin tankin kowace safiya, tana hawa kujera da gwiwoyin nan nata. Ƙarar injin kuma a kan gadonta take, don bango ɗaya ne. Ta ce ta saba, wai kamar munsharin Abba ne, sai dai wannan ba ya juyawa.

Abin da ke damuna Ɗan Shuɗi ne. Fararen ɗigo sun fito masa kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jikinsa a dutse, ya daina tasowa wurin yatsana. Na gaya wa Abba. Ya ce a bar shi, ya gama aikinsa, gara ma ya mutu kafin manyan kifi su zo wata mai zuwa. Na ce akwai kwalbar maganin wannan ciwo a durowa, wadda Mai Kifi ya kawo don tankin jinya. Ya ce tankin jinya ba shi da wurin zama tukuna, kuma in daina yi masa surutu a kan kifin da ba wanda zai kalla.

Na gwada kama shi da raga, ya shige cikin duwatsu. Ba zan iya zama ina kallonsa haka ba, Yaya. Shi ne ya sha wahalar ruwan nan tun babu kowa a ciki.

Ki yi mini addu'a, jarrabawa ta kusa.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina fata kina lafiya. Ni lafiyar jiki kawai gare ni. Ki zauna kafin ki karanta.

Iya ta bar gidan nan.

Ranar Laraba, Abba ya fita aski, na ɗauko kwalbar maganin. An rubuta a jikinta yawan da ake zuba wa kowace lita arba'in. Na yi lissafi a takarda, na sake yi, ban yi kuskure ba. Na hau kujera na zuba. Iya ce ta riƙe mini kujerar. Ta tambaye ni ko Abba ya sani, na ce magani ne kawai. Ta ce to, Allah ya ba shi lafiya.

Abin da ban sani ba, tagulla ce a cikin maganin. Gargaɗin yana jikin kwalin da aka yar tun tuni. Kifi yana jure tagulla, amma murjani ba ya jurewa. Washegari duk suka rufe. Ranar Juma'a naman jikinsu ya fara saɓulewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ƙashin ya fito fari fat. Katantanwa suka zubo daga gilashi, jatan landen suka kife. Falon ya ɗauki wari. Ni na kwashe su da raga, Abba yana tsaye a kaina.

Mai Kifi ya zo ya gwada ruwa, ya ce tagulla ce, kuma ta shiga duwatsu, sai an zubar da komai an faro daga farko. Abba ya sa aka kira ni da Iya falo. Ya tambaya a hankali ta ina tagulla ta shiga ruwansa. Ya kalle ni. Kin san ni, ko a aji idan na san amsa ba na iya ɗaga hannu. Ya sake tambaya, ya sake kallona. Na kalli ƙafata.

Sai ya juya ya kama hannun Iya ya ɗaga. Kin tuna awarwaron nan na tagulla da take sawa saboda ciwon gaɓoɓi, wanda kika yi ta cizo kina fitar da haƙori? Ya nuna wa Mai Kifi, ya ce da wannan take goge masa bakin tanki kullum. Mai Kifi ya sosa ƙeya, ya ce da wuya awarwaro ya yi wannan ɓarna. Abba ya ce ba da wuya ya tambaye shi ba, zai iya ko ba zai iya ba? Mai Kifi ya ce komai yana iya yiwuwa.

Abba ya ce mata tsufa ba laifi ba ne, amma gidansa ba wurin ajiyar tsofaffi ba ne. Ya ce ta shekara ashirin da uku tana fasa masa kofuna yana haƙuri. Ya ce ta haɗa kayanta, Lahadi direba zai kai ta tasha ta tafi wurin ɗan ƙanenta. Sannan ya ce, "Akwai mai magana?" A kaina idonsa yake. Na ƙirga furannin kafet. Sha ɗaya ne daga ƙafata zuwa ƙafar Iya.

Ita kuwa ba ta ko kalle ni ba. Ta ce Allah ya huci zuciyarsa, ta gode da zama.

Na taya ta ninke kaya. Duk abin da ta mallaka akwati ɗaya ne da jaka. Na buɗe baki sau da yawa, kuka ne kawai yake fitowa. Ta ce in daina, zan jiƙa mata zannuwa. A bakin mota ta gyara mini wuyan riga, ta ce in riƙa karyawa kafin in tafi makaranta, kada in yi halinki. Da na dawo ɗaki na tarar da awarwaron a ƙarƙashin matashina.

Ɗan Shuɗi ya warke. Ba ɗigo ko ɗaya a jikinsa.

Ki zage ni, Yaya. Na fi son ki zage ni da ki yi shiru.

Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Wasiƙarki ta iso. Ba ki zage ni ba, kin ce kawai in je in faɗa wa Abba gaskiya, ko Iya za ta dawo. Na yi kwana biyar ina haɗa kalmomin. Jiya bayan makaranta na yi.

Na same shi a ɗakin Iya. Ba gado, ba labule. An huda bango a wuri uku, bututu sun shigo daga falo, an kafa matatar ruwa daidai inda take shimfiɗa sallayarta. Tankin jinya yana kan wani sabon tebur a gefen taga. Ƙusar da take rataya carbi ce kaɗai ta rage, an rataya raga a kanta.

Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa masa komai. Bai ɗago ba, yana ɗaure wani bututu. Da na gama, ya buɗe durowa ya fito da kwalbar maganin ya ɗaga ta wajen haske. Ya ce tun safiyar Alhamis ya ga ta ragu. Ya ce ya ga takardar lissafina a cikin littafin gwaji, kuma lissafin daidai ne, ko ɗigo ban kuskure ba.

Na ce to me ya sa, Abba.

Ya ce sau uku ya tambaya, kuma ni yake kallo. Ya ce da na buɗe baki ranar nan, da tsohuwar tana nan a ɗakinta, shi kuma da ya haƙura da ƙarar inji a falo. Ya ce shi bai kori kowa ba, ya ba ni zaɓi ne na zaɓa. Na ce yanzu ai na faɗa, a aika a dawo da ita. Ya waiwaya ya kalli ɗakin, ya ce, "Ta kwana ina?"

Sai ya miƙo mini bokiti ya ce in ɗebo gishiri, sabon ruwa za a haɗa.

An zubar da tsofaffin duwatsu, an wanke tankin, an kawo sababbi. Mai Kifi ya tambaya ko ya kawo masu buɗe ruwa. Abba ya ce ba sai an kawo ba, akwai wanda ya saba. Yau da safe na mayar da Ɗan Shuɗi cikin ɗanyen ruwa da hannuna. Mako shida zai sake yi. Na sa yatsa a gilashi, ya taso.

Na kira lambar ɗan ƙanen Iya. Matarsa ce ta ɗauka. Ta ce Iya tana nan, a baranda suka yi mata shimfiɗa don ɗakunan sun cika da yara, gwiwoyin kuma sun kumbura. Na ce a ba ta waya. Na ji muryarta daga nesa tana cewa a tambaye ni ko na karya. Ba ta karɓi wayar ba.

Ina so in aika mata awarwaronta, ko zai rage mata ciwon. Ki rubuto mini yadda ake aika kaya, ban taɓa yi ba. Kafin nan yana cikin jakar makarantata, a cikin safa. Ba na sa shi a hannu, don har yanzu ni ce mai gwada ruwa, kuma ƙarfe huɗu ta yi, lokacin gwaji ke nan.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Auta