Ƙofar Ajin Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba. Bayan haka, na shiga uku. Ranar Laraba sufeto zai zauna a ajina ya kalli darasin Turanci, daga nan a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni. Darasin kuwa shi ne bambanta jimlar da ke cewa an yi wa abu wani aiki da wadda ke faɗin halin da abin yake ciki. A Turanci kamar tagwaye suke.

Na rubuta wa Baba na roƙe shi hanya mai sauƙi, tunda abin da ya koyar ke nan har ya yi ritaya. Sai ya dawo mini da wasiƙata jajir da jan bironsa. Ya gyara waƙafi, ya gyara aya, amsa kuwa ko ɗaya. Don Allah ki yi masa magana.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Muna lafiya, ban da ƙofar falo. Ke kika jawo mana! Tun da na yi masa maganar yake gwaji. Ya bugo ta gam, ya ce, "An rufe ta. Wa ya rufe?" Ya koma kujera ya harɗe, ya ce, "Yanzu kuma a rufe take, ba ruwan kowa." Ƙusa ta fita, ƙofar ta karkace, kaina kamar ya tsage.

Jiya na ga yana goge takalmin fita. Na tambaye shi ina zuwa, ya ce in ji da girkina. Kin dai san hali.

Ki huta lafiya,
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Baba ya zo makarantarmu! Ni kuwa ina ganin sufeto komai ya gudu daga kaina. Na rubuta jimla biyu a allo na tsaya riƙe da alli, yara sun zuba mini ido. Sai gam! An bugo ƙofar aji daga waje. Har sufeto ya zabura. Yara suka ɗauka baki ɗaya, "Wa ya rufe ƙofa?"

Daga tambayar nan na kama darasin, bakina ya buɗe har aka buga ƙararrawa. An tabbatar da ni. Amma da na fito, mai gadi na riƙe da hannun rigar Baba, Baba na gyara masa Turanci. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ki gaya masa ban huce ba.

Taki,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Ta taga na hango kuskure biyu a allonki, ban faɗa wa kowa ba. Ga jan birona cikin ambulan, ni na gama da shi. Ki gyara da kanki, Malama.

Allah ya yi miki albarka,
Babanki