Jirgin da Na Saukar Maka

Abu Hail, Dubai
Ranar Alhamis, bayan la'asar

Abban Hanan,

Assalamu alaikum. Ina yi maka sannu da zuwa irin wadda na saba, lokacin da kake turo ƙofa da yamma kana ƙamshin maganin kemis ɗinku. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ba ni da adireshin da zan sa a bayanta, ko ina da shi ma wa zan ba ya kai maka? Amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji wata bakwai cur, kuma jiya na ga abin da ya sa ba zan ƙara kwana da ita ba.

Bari in fara ba ka labarin gida, don na san halinka, ba ka sauraron babbar magana sai ka ji lafiyar kowa. Hanan ta shiga aji huɗu. Haƙoranta na gaba sun fito, manya-manya irin naka, ta tsaya gaban madubi tana mita, na ce mata gado ne, ba ta da wurin kai ƙara. Hajiya mahaifiyarka tana kira daga Kano duk Juma'a. Bizar da aka ƙara mana ta kusa ƙarewa, da an ba su Hanan hutu za mu koma gida, na riga na fara haɗa kaya a kwalaye. Kai kaɗai za mu bari a ƙasar nan, kuma har yanzu na rasa yadda zan shiga jirgi da wannan tunani.

Ɗan Indiyan nan mai shago a ƙasan benenmu har yau yana ajiye mini mujallarka ta shirye-shiryen talabijin duk Alhamis. Na kasa ce masa ya daina. Ka tuna yadda na riƙa yi maka tsiya a kanta? Mutum da waya a aljihu, wadda za ta faɗa masa lokacin kowane shiri, amma sai ya sayo takarda ya baza a kan tabarma, ya ɗauko jan biro yana zagaye layi ɗaya tak. Duk shafukan nan na ƙwallo da girke-girke ba ruwanka da su, kai dai shirin jirgin nan naka, wanda ya kwashi ragowar mutanen duniya ya lula da su cikin taurari suna neman wata duniyar da za su zauna. Ni na sa masa suna tatsuniyar 'yan boko. Makon farko ma da ka zaunar da mu tun ƙarfe shida, muka share awa guda muna kallon wata mata tana soya kifi, don ba ka lura agogon Saudiyya suka rubuta ba, namu yana gaba da awa ɗaya. Ranar na yi dariya har da hawaye, kai kuwa ka haɗe rai kana cewa laifin masu bugawa ne.

Shekara huɗu muna haka. Mujallar takan ba shirin rabin shafi: hoto ɗaya, da 'yan layuka a kan abin da zai faru a makon, ba sa faɗa duka, sai su bar mutum da ƙishi. Kai sai ka karanta mini da ƙarfi ina yankan albasa, kana fassarawa da Hausarka ta 'yan Fagge. Kai da abokinka Injiniya Sabo kuna share yamma a waya kuna musu: idan mutum yana cikin jirgin nan, ina zai fuskanta ya yi salla? Da wace rana zai sha ruwa da azumi? Ina kicin ina jin ku ina girgiza kai, manyan mutane da gemu. Abin da ban taɓa faɗa maka ba shi ne ina rage wutar girki in leƙo. Akwai wata tsohuwa a jirgin da take renon shuka guda a cikin gwangwani, tana jiran ƙasar da za ta dasa ta. Ita nake leƙowa in gani. Wani lokaci idan muna cikin jirgin ƙasa na metro, ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya hau sama, fitilun gari suna wucewa ta taga, kowa a ciki baƙo ne da yarensa, sai in ji kamar mu ma a jirgin nan muke. Da na faɗa maka da ka samu abin tsokanata har abada, shi ya sa na yi gum.

Sai ciwon nan na korona ya zo. Ranar Alhamis ka shigo da zazzaɓi, ka ajiye mujallar a kan tebur ka kwanta. Ranar Asabar motar asibiti ta tafi da kai, aka hana ni ko raka ka bakin ƙofa. Daga nan sai waya. Kwana biyu da kwantar da kai ka ce in ɗauko mujallar in karanta maka abin da suka rubuta, don saura kashi uku a rufe zangon, kana so ka ji ko mutanen jirgin za su isa.

Na buɗe shafin, Abban Hanan. A ƙasan hoton, cikin ɗan akwati, sun rubuta cewa an soke shirin. Annoba ta tsayar da ɗaukarsa, kamfanin ya janye, kashi ukun nan ba za a taɓa yin su ba. Daga makon nan wasan kacici-kacici za a riƙa sawa a gurbinsa. Ina riƙe da wayar ina jin numfashinka yana fita da ƙyar, da ƙarar na'urar da ke gefenka. Ta yaya zan ce maka an bar su a tsakiyar hanya?

Sai na yi maka ƙarya. Na kafa ido a kan takardar kamar mai karatu, har ina tsayawa kamar na haɗu da kalma mai wuya, na ce sun hango wata duniya daga nesa, shuɗiya. Mako na biyu na sayo sabuwar mujalla don ka ji ƙarar buɗe shafi, na ce sun aika mutum uku sun duba, iskar wurin tana shaƙuwa. Mako na uku na saukar maka da su. Ban san wata duniya ba sai garinmu, don haka Dambatta na ba su da damina: gero ya kai ƙugu, ƙasa tana ƙamshin ruwan farko, zabi suna gudu a cikin ciyawa, sai dai na ƙara musu wata na biyu a sama don kada ka gane. Na ce tsohuwar ta durƙusa ta tona rami da hannunta ta dasa shukarta. Da muryar nan taka da ta kusa ƙarewa ka tambaye ni alƙiblar wurin. Na ce mujallar ta ce akwai wani ƙaramin tauraro da yake fitowa bayan faɗuwar rana, shi suke fuskanta, don ta wajensa gida yake. Ka ce madalla.

A wayar nan ce ka ce ka yafe mini duniya da lahira, ni ma na ce na yafe maka. Kwana biyu bayan nan suka kira ni daga asibiti, ka cika.

Tun ranar ban samu sukuni ba. Yafiyar da mutum ya yi bai san laifin ba, tana hawa kansa? Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ɓoye maka ko fashewar kofi ba, sai a maganarmu ta ƙarshe na cika maka kunne da abin da babu shi, ka tafi da shi. Na so in tambayi malamarmu ta Islamiyya, kunya ta hana ni. In ce mata me? Na yi wa mijina ƙarya a kan jirgin 'yan sama jannati yana gargarar mutuwa?

Jiya ina haɗa kaya na ci karo da wayarka, a cikin ledar da asibiti suka ba ni, ban taɓa kunna ta ba. Na sa mata caji don in kwashe wa Hanan hotunanka. A cikin hirarku da Injiniya Sabo na ga hoton shafin nan, da ɗan akwatin, da babban yatsanka a gefe yana danne takardar, ga kantar mai shago a baya. Ranar Alhamis ɗin da ka shigo da zazzaɓi ka tura masa. A ƙasa ka rubuta masa cewa khalas, shi ke nan, an bar mutanenku a hanya.

Ashe ka sani. Tun kafin ka hawo bene ka sani. Mako uku kana kwance kana jin matarka tana zuba, tana buɗe shafi tana gyaran murya, har da tambayar alƙibla don ka ga yadda zan fita! Na zauna a tsakiyar kwalaye na yi dariya, na yi kuka, har Hanan ta fito daga ɗaki tana tambaya ko lafiya. Me kake so, Abban Hanan? Muryata kake so ka ji ta daɗe a kunnenka? Ko so kake ka ji inda ni zan kai su, ni da na ce tatsuniya ce? Ka ji Dambatta a ciki, na tabbata ka ji, ka bar ni ina murna na iya ɓoyewa.

To yanzu na san da idonka biyu ka yafe mini, ka san abin da kake yafewa. Ni ce na yafe maka a makance, ban san kana da naka laifin ba. Shi ya sa na ɗauko biro. Ka yaudare ni mako uku, bawan Allah, kuma yau da na sani, na yafe maka, duniya da lahira.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya sada mu a inda ba a rabuwa. Sai na zo.

Taka,
Bilkisu, Maman Hanan