Uwar Tafiya da Maɓallai Uku

Asabar, 4 ga Mayu

Na gaji kamar an daka ni. Wanki tun safe, sannan goyon Auta. Sai bayan la'asar na sulale ɗakin bayan shagon Baba, inda Yaya yake haɗa mana wasan labari. Shi yake ƙirƙiro ƙasar da dodanninta, mu kuma kowa da mutuminsa a ciki. Ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ka jefa ɗan lido. Lamba babba ka ci, ƙarama ka sha ƙasa. Dogo, abokin Yaya, mayaƙi ne. 'Yar Tela, ƙawata, maharbiya. Ni ma mayaƙiya aka ba ni, amma da layi ya zo kaina sai bakina ya ƙi buɗuwa. Kullum sai in ce, "Irin na Yaya Dogo."

Yau Dogo ya ce, a gabana fa, "Kujerar Malama Shiru ba gara a ba ɗan kawuna ba? Teburin mutum huɗu yake ɗauka, ɗaya kuma hoto ce."

Na sunkuya kamar ina gyara kwalin da muke tokare ƙafar teburin da shi.

Lahadi, 5 ga Mayu

Yaya ya same ni a wajen wanke-wanke. Ya ce tunda faɗa ba halina ba ne, in ƙirƙiro irin mutumin da zan iya, har da dokokinsa. Za a gwada Asabar biyu. In teburi ya ƙi, sai haƙuri. "Ba zan iya riƙe miki kujera da ƙarfi ba, ƙanwata."

Ban gaya masa ba, duk mako nan ne kaɗai wurin da ba mai aikena.

Laraba, 8 ga Mayu

Na samo. Uwar Tafiya. Ba ta sara, ba ta harbi, ita dai ta ga kowa ya kai lafiya. Tana da maɓallai uku. Duk wanda jifansa ya ɓaci ya roƙa, a ba shi ɗaya ya sake jefawa. 'Yar Tela ta ɗebo min daga gwangwanin babanta, manya, na kwat, launin zuma.

Abin da ya fi min daɗi, ba sai na yi magana ba. Miƙawa kawai.

Alhamis, 9 ga Mayu

Auta na haƙori. Ba abin rubutawa.

Asabar, 11 ga Mayu

Ya ɓaci.

Ko ƙofar gari ba mu wuce ba Dogo ya kwashe duka ukun. Ɗaya ma don ya ɓalle ƙofar da ba a kulle ba. "Shiru, miƙo." Ko kallona ba ya yi, hannu kawai yake buɗewa. Dokata ce, ba yadda zan yi.

Da muka isa daji kura ta cafki maharbiyar 'Yar Tela. Ta juyo ta dube ni. Hannuna wayam. Maharbiyar ta tsira da ɗingishi, ni kuma na ƙarasa wasan a zaune ina kallon tabon dutsen guga da ke jikin teburin.

Dogo ya ce, "Ai wannan ko gwangwani aka ɗora a kujerar zai yi aikin."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Lahadi, 12 ga Mayu

'Yar Tela ta raka ni shanya. Wai, "Ke, wannan ba uwar tafiya ba ce, 'yar aike ce. Ina kika taɓa jin shugaban da ake ce wa miƙo?" Ta yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Ashe kaina na zana ban sani ba.

Talata, 14 ga Mayu

Sabuwar doka. Ba roƙo. Uwar Tafiya ce ke zaɓar wanda za ta ba, kafin ya jefa, kuma ta gaya masa abin da zai yi. In ya bi, ya jefa sau biyu ya ɗauki babbar. In ya ƙi, maɓalli ya dawo hannunta.

Yaya ya ce ta yi. Na ce to ko zan riƙa rubuta umarnin a takarda? Ya girgiza kai. "A teburina baki ke wasa. Ni da nake kukan kura da bakina, kin ga na mutu?"

Na haƙa rami da hannuna, ga ni a ciki.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na gwada a wajen wanki. "Kai bokiti, tsaya nan. Ke baho, bi ta hagu." Murya kamar ta sauro. Umma ta leƙo. "Ke da wa?" Na ce ba kowa. Ta ce tunda ina da ƙarfin hira da bokiti, ga zanen gado.

Juma'a, 17 ga Mayu

Wataƙila gobe in ce kaina na ciwo. Ɗan kawun Dogo ma ai mutum ne.

Asabar, 18 ga Mayu

Na je. Ƙafa ce ta kai ni.

Yaya ya kawo mu bakin kogi. Gada ta karye, ruwa na gudu, dodo yana tsaye a tsallake. Dogo ya ce zai yi tsalle ya sare shi. Ya buɗe hannu. "Shiru, miƙo."

Na damƙe maɓallan har suka yi min shaida a tafi. Na ce a'a. Bai ji ba. Na sake. Wannan karon har Yaya ya ɗago.

Dogo ya ce, "Me kika ce?"

Na ce ya tsaya, maharbiya ta fara harba igiya tsallake. Ya ce shi mace ba ta tsara masa yaƙi, balle ƙanwar bayansa. Ya jefa. Ɗaya! 'Yar Tela ta kifa kai a teburi don dariya. Yaya ya ce ruwa ya tafi da mayaƙi, in ba a ciro shi kafin layi ya zagayo ba, shi ke nan, sai dai ya sake wani.

Wata shida Dogo yana rainon mayaƙin nan. Har suna ya raɗa wa takobinsa.

Ya juyo gare ni. "Haba ƙanwata. Haba Hajiya. Ɗaya tak."

Wallahi na so in ƙyale shi. Na ɗan daɗe ina so. Sai na tura wa 'Yar Tela ɗaya, na ce ta harba igiya gabansa, ba kansa ba. Ta ci. Na tura masa na biyu, na ce ya saki takobin ya kama da hannu biyu. Ya ce takobin? Na ce takobin. Ya fara gardama, na ce ruwa ba ya jira. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Ya saki. Ya jefa biyu, ya jefa shida. Ya fito.

Na ukun ban ba kowa ba, na ajiye shi sai can wajen dodo.

Da muka tashi Dogo yana ta mita, wai dokar ta yi ƙarfi, Asabar mai zuwa sai an rage min ɗaya. Yaya ya ce, "Asabar mai zuwa?" Dogo ya ce ɗan kawunsa ai ba ya son zama wuri ɗaya dama.

Lahadi, 19 ga Mayu

Wanki. Goyo. Bayana kamar ba nawa ba.

Ba zan yarda a rage ba. Uku ne. Ina ma tunanin wata doka, ta ɗaga wanda ya faɗi, amma sai na gani tukuna.

Umma ta ce wai Baba yana tambaya, wace yarinya ce jiya take ta ɗaga wa samari murya a bayan shago har masu sayayya suna ji. Na ce ƙila 'Yar Tela ce.

Maƙogwarona dai yana ɗan ciwo. Sanyi ne, ina ji.