Ƙwayar Cutar Daga Gidanmu Take

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa daga Sabon Tasha. Ya jiki, ya maigida da yara, ya sanyin Jos?

Sakamakon gwajin da aka yi mana saboda rashin lafiyar jaririnmu Dauda ya fito. Ƙwayar cutar da kika ce matata Saratu ta kwaso a yawon banza, a jikina aka same ta. Likita ya ce mini, "Ba kamuwa ka yi ba, gado ne. Tana manne cikin ƙwayoyin halittarka tun haihuwa. Yawanci barci take, wani lokaci ta motsa." Wato daga Baba ko Mama ta fito, ƙila ke ma kina ɗauke da ita.

Kin tozarta Saratu a gaban zumuntar matan coci. Kada ki tako gidana sai kin roƙi gafararta.

Ki sa Dauda a addu'a. A gaida yara.

Ƙaninki,
Yohanna