Lemun Cittan da Na Kai Taron Kagoro

Kafanchan,
6 ga Nuwamba.

Yayata Tamar,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Yaya Baban Irene da yara da jama'ar Sabon Tasha? Mu nan lafiya lau, maigidana Azariya ma yana gaishe ki.

Yaya, nemi wuri ki zauna, don ni kaina na kasa zama! Kin tuna lemun cittan nan da nake haɗawa da abarba da kanumfari idan mun yi baƙi? To, ran Talata na kai gora biyu wurin Zumuntar Mata. Shugabarmu Mama Serah ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce tun da take ba ta taɓa shan irinsa ba. Nan take ta tsayar da waƙa, ta sanar cewa ni zan kawo abin sha a babban taron zumunta da za a yi a Kagoro ran Asabar ta sama. Gora ɗari uku, Yaya! Ni Afiniki da na shekara talatin ina shaƙar alli a firamare, yau na zama 'yar kasuwa.

Har na sa an buga mini takardar da zan manna a jikin gora, da sunana da hotona cikin zanen zumunta. In kin gani sai ki ce wata babbar madam. Azariya dai, kin san halin dattawan coci, komai sai a hankali. Wai in ajiye gora ɗaya in ga kwana nawa zai yi bai lalace ba. Na ce masa abin da muke sha shekara da shekaru, wane gwaji kuma? Ran Litinin zan markaɗa in ɗura duka in jera a sito, don kada wuta ta ba ni kunya ana gobe taro.

Ki sa ni a addu'a, farin ciki zai kashe ni.

Ƙanwarki,
Afiniki.

Kafanchan,
17 ga Nuwamba.

Yayata Tamar,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni dai jikina lafiya, amma zuciyata babu daɗi.

Wayyo Yaya, na ja wa kaina! Tun a mota na lura gorunan sun kumbura, sun yi tauri kamar ɗanyar gwanda, na ce ai cika ce. Na jera su a bakin rumfa, rana ta buga su. Ana tsakiyar wa'azi sai ji muka yi fau! Murfi ya tashi sama. Kafin in kai hannu, na biyu da na uku sun bi. Kumfa ta wanke wa matar fasto zane, mata suka watse, wasu har sun yar da takalma.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Wasu sun riga sun saya sun sha. Mama Doreen, wata tsohuwa daga Manchok, ta shanye gora guda, ta miƙe a gaban jama'a ta ce ita ta san wannan ɗanɗanon, rabonta da shi tun kafin ta tuba. Ashe ɗanyen ruwan citta da sukari da abarba, in ya kwana biyar a rufe cikin zafi, giya yake zama. A gida ba ya kai yamma mun shanye, ina zan sani? Ga hotona a jikin kowace gora ina murmushi.

Yanzu zance ya zaga har Manchok cewa matar dattijo ta kai burkutu taron zumunta. Dattawa sun kira ni ran 29 ga wata. In suka ga da gangan ne, za su sa ni horo, in koma bencin baya, in cire zanen zumunta. Shekara ashirin da biyu ina layin gaba wurin waƙa, Yaya. Kunya ta hana ni zuwa kasuwa. Azariya dai bai ce mini ai na faɗa miki ba.

Taki cikin damuwa,
Afiniki.

Kafanchan,
1 ga Disamba.

Yayata ƙaunatacciya,

Gaisuwa da murna! Wasiƙarki ta iso hannun direba, na gode da jaje, har da dariyar da na san kin yi kafin ki rubuta.

Bayan na gama kuka sai malantar ta motsa. Na ce abin da ya kamata in yi tun farko, bari in yi shi yanzu. Kullum da safe sai in haɗa gora biyu, ɗaya ɗanye yadda na saba, ɗaya kuma in tafasa shi in wanke gorar da ruwan zafi. In rubuta ranar a jiki, in ajiye a sito. Ranar farko kuma na ƙara tafasasshe ɗaya na sa a firiji. Kwana bakwai ina haka, ina shinshinawa ina rubutawa a littafi kamar mai gyaran jarrabawa. Ɗanyen tun kwana biyu ya fara tsami. Tafasasshen ya kai kwana huɗu lafiya, a firiji kuwa har mako bai canza ba.

Ran Asabar na ɗauki gorunan a daro na kai gaban dattawa. Azariya ya fita waje tunda maganar matarsa ce. Fasto ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hanci, da ya kai ga na kwana biyar ya kawar da kai ya yi tari. Suka ce sun ga ba mugunta ba ce, gaggawa ce, amma tunda a gaban jama'a aka yi tallan, a gaban jama'a zan yi bayani.

Jiya Lahadi a coci, bayan sanarwa, aka kira ni. Na tsaya na ce na sayar da abin da ban san shi ba, na sa sunana a kansa kafin in gwada, ku gafarce ni. Na ɗaga ɗanyen mai kwana biyar don in nuna musu, ai kuwa murfin ya yi fau har silin! Coci ya kwashe da dariya, Fasto ma sai da ya cire tabarau ya share ido. Ni kuwa hawaye nake yi, ban san inda zan nufa ba, gaba ko baya. Na juya na kama hanyar bencin baya. Sai Mama Serah ta miƙo hannu ta riƙe bakin zanena, ta matsa gefe, ta buga benci da tafinta. Yaya, na zauna a wurina. Da aka ɗaga waƙa, ni na ja baiti na farko.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Afiniki.