Katin Inna da Hayaƙin Banda

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zaman Legas, yaya ƙafar taka? Mu nan Yelwa lafiya lau, sanƙarau ya fara lafawa.

Ɗiyarka Saratu ta yi saukar Alƙur'ani, amma aka ce ba mai shiga taron sai da katin rigakafi. Ashe Inna saman bandar kifi ta soke nata katin, wai kada ya jiƙe. Hayaƙi ya cinye rubutun, sai ƙauri! Ka san tsoronta da allura. Haka ta miƙa wa malamin asibiti hannu, ta runtse ido, ta ce, "Ƙara min wata, ɗana. Uban jikata na nesa, ni ma a neme ni a rasa?"

A sahun gaba ta zauna, hannu kumbure.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Kawu.

Ƙanwarka,
Hadiza